Yaro Ya Tafi Hutu, Yaushe Zai Dawo?

Jawabin da ɗaya daga cikin mambobinmu 'yan kasuwa ta karanta a madadin 'yan ajin yaƙi da jahilci, ranar bikin zagayowar shekarar ƙungiya

 

Hajiya shugaba, iyayenmu mata da ke zaune a gaba, malamanmu na aji, 'yan'uwa mambobi na Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, da mazajen da suka daure suka rako iyalinsu suka zauna can baya-baya, sannunku da zuwa, sannunku da rana. Allah ya maimaita mana.

Ma'aji ta riga ta karanta lissafin zubi da rance, kowa ta ji abin da ya shiga da abin da ya fita. Mu 'yan ajin yamma da aka ce mu ma mu ce wani abu, sai muka zauna muka zaɓi maganar da ba ta shiga littafin ma'aji, alhali tana cin jarin mace fiye da faɗuwar farashin riɗi. Maganar ita ce ta yaran da aure ya mutu ya bari, idan hutu ya zo aka ce za a tafi da su wani gari. A cikinmu akwai zawarawa, akwai kakanni masu riƙon jikoki, akwai kuma waɗanda 'ya'yan miji ne a ɗakinsu, uwarsu tana wani gidan. Duk wadda kuka ga ta rufe rumfa kwana huɗu a watan Satumba, ku tambaya a hankali, sau da yawa biɗar yaro ta tafi.

Yadda abin yake faruwa kowa ta sani. Makaranta ta ba da dogon hutu, sai a aiko ƙanin uba ko gwaggo, a ce baban yara yana so su zo su yi masa sati biyu. Uwa ta wanke kaya, ta yi wa yarinya kitso da lalle, ta ƙulla musu ƙuli-ƙuli, ta raka su tasha. Ba a faɗi rana ba, an dai ce "in an kusa komawa". Sati biyu ya zama wata, wata ya zama biyu. Ta buga waya a ce hanya ba kyau. Ta sake bugawa a ce kakarsu ta ce a bar su su yi kaka, a cire amfanin gona. Daga nan waya ta daina shiga. Wata sai ta ji a bakin 'yan kasuwa cewa yaron ma ba ya garin, an haɗa shi da wani malami sun yi gabas. Wadda ta fi ciwo ita ce ta 'ya mace, a tafi da ita hutu tana aji biyu na ƙaramar sakandare, sai goron sa rana ne zai zo wa uwar. Kuma kada maza su ce mun taru muna cin namansu. Mu ma mata muna yi. Yaro yana hannun ubansa ya zo gaida uwa da Sallah, ta ce ai ya rame, ba zai koma ba, ta ɗauke shi ta kai ƙauyen iyayenta ta ɓoye. Uban nan shi ma ɗansa ne, shi ma yana kwana ido biyu.

To mu a nan ƙasar Gumel abin ya fi na kowa wuya, don muna zaune a bakin iyaka. Tumbi, inda sarakunanmu suka zauna kafin su dawo Gumel, yau tana cikin Nijar. Turawan Ingila da na Faransa ne suka ja layinsu a farkon ƙarni na 20, suka raba ɗan'uwa da ɗan'uwa, amma aure bai daina ƙetare layin ba. Da wuya a sami gida a Maigatari da ba shi da kawu ko inna a Dungas ko Magarya ko Damagaram. Ranar Alhamis kuwa, in kasuwa ta cika, ba mai iya bambance namu da nasu sai wajen canjin kuɗi. Haka Kano. Kafin 27 ga Agusta 1991 jiha ɗaya muke, shi ya sa har yau in ka ce wa tsohuwa an kai jikanta wata jiha, ta ce wace jiha, ai Kano ne. Saboda wannan sabo, ba ma ɗaukar tafiyar yaro a matsayin tafiya. Sai ranar da aka je neman sa a gane cewa akwai shinge.

Kafin mu zo kan shingen, bari mu faɗi abin da muka koya a wajen malamai game da riƙo, don mu da yawa mun girma muna zaton da an yaye yaro shi ke nan ya zama na uba, uwa ba ta da ta cewa. Wannan al'ada ce. A mazhabar Malikiyya da kotunanmu na shari'a suke hukunci da ita, kamar yadda yake a Risala da ake karantawa a zaurukanmu, bayan saki uwa ce ke da riƙo, namiji har ya balaga, mace har ta yi aure ta tare. In uwa ta rasu ko ta auri wani bare, riƙon ba ya faɗawa hannun uba kai tsaye, yana komawa ga kaka ta wajen uwa, bayanta yayar uwa ko ƙanwarta. Ci da sha da sutura da magani kuwa suna wuyan uba, ko yaron yana ina. Shi kuma uba shi ne waliyyi, yana da hakkin ya ga ɗansa, ya sa ido kan tarbiyyarsa da karatunsa, kuma auren 'yarsa ba ya ɗauruwa sai da shi. Kowa da nasa rabon, kuma aya ta 233 a Suratul Baƙara ta hana a mai da yaro sandar dukan uwa ko ta dukan uba.

Abin da ya ba mu mamaki, malaman fiƙihu sun yi maganar tafiya da yaro tun ɗaruruwan shekaru, a Muhtasar na Shehu Halilu da sharhohinsa. Sun raba tafiya gida biyu. Akwai tafiyar ƙaura, wato mutum ya kwashe ya koma wani gari da zama. Akwai kuma tafiyar fatauci ko ziyara, wadda za a je a dawo. In uba zai yi ƙaura mai nisan baridi shida ko fiye, kuma hanyar da garin duk akwai aminci, yana iya tafiya da ɗansa, sai fa in mai riƙon ta yarda ta bi su, to riƙonta na nan. In ita ce za ta yi ƙaura mai wannan nisan, uba yana iya karɓe yaron. Har rantsuwa ake ba mai tafiyar, cewa da gaske ƙaura ce, ba dabarar raba uwa da ɗa ba. Amma tafiyar fatauci da ta ziyara ba ta kayar da riƙo. Uba ba zai ce zan je cin kasuwa ba ni ɗana ba. Ita ma in za ta yi nisa da yaro, ta nemi izinin ubansa. Kun ga ke nan hutu ziyara ce. Wanda ya karɓi yaro da sunan hutu ya riƙe, ya shigo ta ƙofar ziyara ne ya fita ta ƙofar ƙaura, ba tare da rantsuwa ba, ba tare da alƙali ba.

Baridi ɗaya mil 12 ne, shida ya zama mil 72. Da muka buga lissafin a allo a aji, ya kama kilomita 120 ko sama da haka kaɗan, gwargwadon yadda malami ya auna mil. Wato kusan daga nan Gumel zuwa birnin Kano. To ga inda abin ya ɗaure mana kai. Littafi nisa yake aunawa, hukuma kuwa iyaka take dubawa. Daga Maigatari zuwa Dungas tafiya ce ta safe a dawo da yamma, ba ta kusa da baridi shida ba, amma wata ƙasa ce, da dokarta da kotunanta da jandarmominta. Daga Maigatari zuwa Gwaram kuwa sai ka wuni a mota, amma jiha ɗaya ce, kotun ɗaukaka ƙara ta shari'a ɗaya ce a Dutse. Sammacin alƙalin Maigatari ba ya aiki a ƙetaren iyaka. Ko na Kano ko Yobe ko Katsina ma, akwai hanyar da ake bi a isar da shi, amma tana cin lokaci da kuɗin mota, kuma mai sayar da daddawa ce za ta biya. Ƙasashen duniya da yawa sun sa hannu kan wata yarjejeniya a birnin Heg a 1980, wadda ta ce in ɗaya daga cikin iyaye ya ƙetare da yaro ya riƙe, ƙasar da ya je za ta maido shi. Najeriya ba ta cikinta. Saboda haka abin da muke da shi a ƙetare shi ne zumunci da sarakunan gargajiya, mai gari ya yi wa mai gari magana, hakimi ya rubuta wa takwaransa. Yana aiki, wallahi yana aiki, amma mai gari zai fara tambaya, da wa aka yi, wace rana aka ce? In ba amsa, sai ya ce ku je ku yi haƙuri da juna.

Sannan iyakar nan ba kullum take a buɗe ba, mu 'yan kasuwa mun fi kowa sani. A Agusta 2019 gwamnati ta rufe iyakokin ƙasa, ba a buɗe ba sai 16 ga Disamba 2020, lokacin da aka fara da guda huɗu, Maigatari tana ciki tare da Illela da Seme da Mfum. Aka yi juyin mulki a Yamai ranar 26 ga Yuli 2023, cikin 'yan kwanaki aka sake rufewa, sai Maris 2024 aka buɗe. Ku duba watannin nan da kyau. Agusta da ƙarshen Yuli, duka biyun a tsakiyar dogon hutu suka faɗo. Yaran da aka kai wa kakanni a can, wasu ta hanyar daji aka dawo da su a bayan babur, cikin damina, ana kauce wa jami'ai. Wasu kuma rufewar ta zama hujja mai kyau ga wanda dama ba ya son maidowa. Yanzu ga shi tun Janairu 2025 Nijar ta fita daga ECOWAS. Ana shiga ana fita, amma ba wanda zai rantse miki yadda gobe za ta kasance. Akwai kuma wani ƙaramin abu da ke ruɗa mutane ba da mugun nufi ba. Makarantunmu suna komawa a Satumba, nasu na Nijar sai Oktoba. Kaka tana ganin yaran maƙwabta suna wasa a ƙofar gida, ki buga ki ce an koma, ta ce ƙarya ne, ga yara nan ba wanda ya koma.

To mene ne magani? Mu abin da muka zo da shi ƙarami ne, takarda ce guda ɗaya. Mun ji a rediyo cewa a Amurka da Ingila in aure ya mutu, akan rubuta tsari a gaban kotu, wa zai riƙe yaro lokacin karatu, wa zai ɗauke shi lokacin hutu, kwana nawa kafin tafiya za a sanar da ɗayan in za a fita da shi daga jiha. Ba sai mun je can aro ba. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Mu nan ko rancen naira dubu biyar ma'aji ba ta bayarwa sai an rubuta, an sa hannu, an kawo mai tsayawa. Buhun zoɓo in za mu ɗora a mota, sai mun rubuta lambar motar da sunan direba. Ashe ɗan da muka yi wata tara da cikinsa shi ne za mu miƙa da "sai kun dawo" kawai?

Abin da ya fi komai a takardar shi ne ranar dawowa. Rana tsayayya, da lamba da wata, ba "bayan Sallah" ba, ba "in an yi girbi" ba, don bayan Sallah har wata Sallar ma bayan Sallah ne. Gara a sa ta sati guda kafin a koma makaranta, saboda lalacewar mota da ɗinkin kayan makaranta. A rubuta sunan garin da unguwar da mai gidan da yaro zai kwana a gidansa, a kuma rubuta a fili cewa ba za a wuce da shi wani gari daga nan ba, ba za a ba da shi almajiranci ko aikatau ba, ba za a karɓi kuɗin aurenta ba, sai an dawo an zauna. Wannan layin wasu za su ce cin fuska ne. Mai niyyar maidowa ba abin da zai rage masa. A faɗi wanda zai kai da wanda zai dawo da shi, da wanda zai biya kuɗin mota zuwa da dawowa, don mun ga yaro ya ƙara wata guda a Kano saboda kowa yana jiran ɗayan ya biya. Lambar waya biyu, ta mai gidan da ta wani maƙwabci ko liman, in Nijar ne a karɓi layin can mai fara wa da 227, a kuma tsai da ranar da yaro zai ji muryar wanda ya baro, ko da Juma'a-Juma'a ne. Shaidu biyu, ɗaya daga dangin uba, ɗaya daga dangin uwa, a gaban mai unguwa ko liman. A yi ta biyu, kowa ya riƙe ɗaya. Da boko ko da ajami duk ɗaya ne, wadda ba ta kai ga sa hannu ba ta dangwala yatsa. In kuma dama a kotu aka raba auren, tun a ranar ku roƙi alƙali ya sa maganar hutu da Sallah cikin hukuncinsa, ku karɓi kwafi, ku adana a inda kuke adana takardar fili.

Takardar nan tana da wani amfani a hanya. Masu safarar mutane suna bin ta nan su nufi Damagaram da Agadas, shi ya sa jami'an shige da fice da na hukumar NAPTIP suke tsai da babban da ke tafe da yaran da ba nasa ba. Gwaggo da ke ɗauke da 'ya'yan ƙaninta uku, in tana da takardar yardar uwa da uba da hoton takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya, magana ta ƙare a minti biyar. Mun ce hoto fa. Ainihin takardar haihuwar ta zauna wajen mai riƙo, don da ita ake sa yaro a wata makarantar. A haɗa da katin rigakafi in ƙarami ne. Kuma ku tuna dogon hutu lokacin sauro ne, lokacin da ake bi gida-gida duk wata ana ba yara 'yan wata uku zuwa ƙasa da shekara biyar maganin kariya daga zazzaɓi. A gaya wa waɗanda za su karɓe shi zagaye na nawa ya sha. Mai sikila ko asma kuwa, a rubuta sunan maganinsa a jikin takardar, kada a dogara da cewa "sun sani".

Akwai abin da muka yi gardama a kansa a aji har malama ta buga tebur. Wasu suka ce uban da ba ya aiko da ko ƙwayar gero bai cancanci a ba shi yaro hutu ba. Zafin gaskiya ne, duk mun san yadda ake raba ribar yini tsakanin sabulu da kuɗin littafi. Amma mafi yawanmu mun tsaya a kan cewa magana biyu ce. Ciyarwa bashi ne a wuyansa, a kai shi gaban mai unguwa, ko Hizba, ko alƙali, a sa ya biya. Ganin uba kuwa hakkin yaron ne shi kansa, da sanin kakanninsa da 'yan'uwansa na ɗaki ɗaya da na wani ɗakin. Yarinyar da aka hana sanin gidan ubanta, ranar aurenta wa za ta nema ya tsaya mata? Dokar haƙƙin yara ta tarayya ta 2003 da maslahar yaro ta fara, kuma tun Disamba 2021 da Gwamna Badaru ya sa hannu, Jigawa ma tana da tata dokar ta kare yara. Sai dai in akwai tsoron cutarwa na gaske, duka ko yunwa ko wanda ya taɓa riƙewa, to nan ba a bayarwa a kan takardar mai unguwa, sai ta kotu, ko kuma ya zo ya gan shi a gidan kaka ya koma.

Mu da muke riƙe da 'ya'yan miji kuma, maganar ta hau kanmu. In uwarsu ta aiko a ba ta su hutu, mu ne kusa da kunnen mai gida. Kalma ɗaya daga bakinmu tana buɗe ƙofa, ɗaya tana rufewa. In kuma yaran wata ne suka zo mana hutu, ranar da aka rubuta mu tashi da asuba mu haɗa musu kaya da kanmu, ko da sun fara mana amfani wajen talla da ɗebo ruwa. Su ma yaran a tambaye su. Ɗan shekara goma ya san gidan da ake ba shi abinci da wanda ake ba shi ƙanzo, in ya ce ba ya son komawa wani wuri, a zauna a ji dalili kafin a tura shi mota.

Roƙonmu ga shugabanni guda biyu ne. Na farko, a ware littafi ɗaya a ofishin ƙungiya, duk mambar da za ta ba da yaro hutu ko za ta karɓa ta kawo kwafin takardarta a manna, saboda gobara da ruwa da ɓera. Mu 'yan aji mun ɗauki nauyin rubutawa kyauta ga wadda hannunta bai faɗa ba tukuna, kuma malama ta yarda za ta duba mana kafin a sa hannu. Na biyu, a duba ko za a buɗe ƙaramin rance na gaggawa marar jira, don kuɗin motar wadda ranar dawowa ta wuce da sati ba ta ga ɗanta ba, kuma kada ta tafi ita kaɗai, a haɗa ta da mamba ɗaya babba da namiji daga danginta. A kowace ƙaramar hukuma cikin huɗun nan muna da mata masu zuwa Maigatari ran Alhamis, muna da masu saro kaya a Kantin Kwari da Dawanau duk sati. Su ne za su riƙa leƙa mana yaran suna kawo labari. Za mu kawo samfurin takardar a taron wata mai zuwa, wadda ke so ta zo da biro da sunayen shaidunta.

Allah ya raya mana zuri'a, ya mai da kowa gidansa lafiya.